Me Ya Haɗa Wando Da Lalaci?

 

Yau kalma ɗaya tak ta Turanci nake so mu bi sawunta, domin ita ta sa na ji kunya a gaban mahaifina kwanakin baya. Ga yadda abin ya faru.

Wata Talata da sassafe aka kawo mana dila biyu ta wandunan gwanjo a shagon Baba a nan Agege. Ina cikin shan shayi sai ga wani mai sari da ya daɗe yana ɗaukar kaya a wurinmu, na ce masa ya ɗan zauna in ƙarasa, tunda ko ɗaurin dilar ba a yanke ba. Ko da na ajiye kofi na waiwayo, sai na tarar maƙwabcinmu, wani saurayi ɗan ƙabilar Ibo da muke wasa da dariya da shi kullum, ya riga ya janye shi zuwa nasa shagon, har sun fara zaɓe. Da na je yi masa ƙorafi sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce mini da buroka: "Aboki, you too slack!" Wato dai na cika sanyin jiki, ban san kasuwa ba.

Na dawo ina ta huci. Baba yana zaune a kan benci yana jan carbi, duk ya ji abin da aka yi. Shi bai yi boko ba, amma ya fi shekara talatin yana kwance dila, don haka babu rubutun jikin dila da bai gane shi da ido ba. Sai ya nuna mini takardar da ke manne da wadda aka kawo, an rubuta MEN'S SLACKS, ya ce: "Wannan silak ɗin da yaron nan ya zage ka da ita, ba ita ce a jikin kayanmu ba?" Na duba na ce ita ce, harafi ɗaya kawai aka ƙara mata. Ya ce: "To kai da aka biya wa kuɗi har ka gama sakandare, gaya mini, me ya haɗa wando da lalaci?" Wallahi mai karatu, tsuru-tsuru na yi. Asarar cinikin ba ta yi mini zafi kamar wannan tambaya ba.

Tun daga ranar na ɗauko tsohon ƙamus ɗina na makaranta, na haɗa da abin da waya ta iya samo mini, ina bi a hankali bayan mun rufe shago. Ga abin da na tsinto.

Tun asali zagi ce

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara dubu da suka wuce mutanen Ingila suna da ita a tsohon Turancinsu, wanda Baturen yau ma ba ya iya karanta shi sai ya koya. A lokacin suna rubuta ta da wani harafi mai kama da "a" da "e" a manne, wanda yanzu ya fita daga jerin haruffansu. Ma'anarta kuwa a kan mutum take: mai kasala, mai nauyin jiki, wanda ba ya ɗaukar aiki da zafi. Ka ga ke nan maƙwabcina, ba tare da ya sani ba, ma'anar da ta fi kowace tsufa ya jefe ni da ita. Sai wajen shekara ta 1300 aka fara samun ta a rubuce ana faɗa wa kaya, kamar igiya ko ɗaurin da bai yi tamau ba. Masana harshe sun ce ita da kalmar Latin ta "laxus" kakansu ɗaya, kuma daga ta Latin ɗin aka samu "relax", wadda kwandastan Legas ke gaya maka idan ka matsa masa kan canjinka.

A hannun masu jirgin ruwa

Inda kalmar ta sami daraja shi ne a teku. Ingila a tsibiri take, arzikinta da ƙarfinta ta ruwa suka zo, kuma kafin zuwan injin tururi jiragenta da iska suke tafiya, da manyan zannuwa da ake ɗaurewa a jikin dogayen sanduna da igiyoyi bila adadin. Dole matuƙi ya san wace igiya za a ja, wace za a sassauta, in ba haka ba iska ta yaga zane ko ta karya sanda. A bakin waɗannan mutane "slack" ta zama sunan abu, wato rarar igiyar nan da ke lilo ba a ja ta ba.

Su ne kuma suka raɗa wa wani lokaci na ruwa suna "slack water", wanda aka samu a rubuce tun 1769. Wanda ya taɓa zama kusa da Apapa ko ya ga masuntan Makoko ya san ruwan teku yana cikowa yana janyewa, kusan sau biyu a kwana guda. Tsakanin cikowa da janyewa akwai ɗan lokacin da ruwa ke tsayawa cik, ba ya gaba ba ya baya. Shi ake jira a shiga da jirgi wurare masu ƙunci. Kuma saboda wannan hawa da sauka, duk wanda zai ɗaure jirgi a bakin gaɓa sai ya bar wa igiya rara. In ya ɗaure tamau ruwa ya janye, ko igiya ta tsinke ko jirgi ya rataye ya karkace.

Da na karanta wannan sai na ce ai mu ma mun san wannan ilimi, a tudu muka koye shi. Shi ne talala. Duk wanda ya taɓa tsaron raguna a bakin titi gab da Babbar Sallah, ko ya leƙa karar shanu ta Oko-Oba, ya san ba a ɗaure dabba wuyanta manne da turke. Ana ba ta igiya mai tsawo ta yi kiwo, ta kwanta, ta tashi, tana ganin kamar a sake take alhali tana hannu. Shi ya sa ake cewa talala mai kamar sake. Ɗan acaɓa ma ya sani: cen ɗin mashin in ya yi sako-sako ya goce, in kuma bakanike ya ɗaure shi tamau ya cinye haƙoran da yake hawa a kai.

Daga ruwa mai tsayawa kalmar ta gangaro kasuwa. Bature yana cewa ciniki ya yi "slack" idan kasuwa ta yi sanyi, irin abin da muke gani a watan Janairu bayan an gama Kirsimeti da sabuwar shekara, aljihun kowa ya bushe ga kuɗin makaranta, ko tsakiyar damina lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, a baje kaya a kwashe, a baje a kwashe. Ku riƙe wannan ma'ana, za mu dawo gare ta idan mun zo kan wando.

Garin kwal da ƙarar taragu

Akwai wata "slack" kuma da ƙamus ya ware mata gida daban, domin suna ne kawai ya zo ɗaya, asali kowa da nasa. Ita ce ɓarɓashi da garin kwal da ke zubewa ƙasa idan an tankaɗe manyan guntaye. Tun ƙarni na 15 ake da ita, kuma ana danganta ta da harsunan mutanen Holan da arewacin Jamus. Shi ne kwal mafi araha, abin da mu 'yan gwanjo za mu kira ragowar zaɓe.

Wannan ya tuna mini cewa ƙasar nan ma tana da tarihin kwal, kuma ya shafi zamanmu a Kurmi fiye da yadda muke zato. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, zuwa 1916 an fara fitar da shi ta sabon layin dogo zuwa Fatakwal, garin Inugu kuma a kan wannan sana'a ya tashi. Kwal ɗin Inugu ne ya riƙa tuƙa jiragen ƙasa shekara da shekaru kafin zuwan masu dizal, jiragen da ke sauko da shanu da gyaɗa su hau da goro. Layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1901 ta Agege ya ratsa, zuwa 1912 ana iya tashi daga Legas a sauka Kano, kuma goro da tashar jirgi su suka tara kakanninmu a wannan gari.

Shi kansa jirgin yana da tasa rarar. Tsofaffin Agege suna tuna ƙarar nan da jirgin kaya ke yi idan zai tashi, ƙwaram-ƙwaram tana bi daga kai har wutsiya. Ɗan sako-sako ne da aka bari a mahaɗin kowane tarago da na bayansa, kuma Turawan jirgi da wannan kalma tamu suke kiran sa. Saboda shi kan jirgi ke fizgar taragu ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya ɗauki nauyinsu duka a lokaci guda.

Amma abin da ya fi taɓa ni a tarihin Inugu shi ne na 1949. Masu haƙar kwal suna neman a biya su wasu kuɗaɗe da suka ce suna bi, kuma maimakon su fita yajin aiki kai tsaye sai suka ɗauki wata dabara: kowa ya zo aiki, amma a sassauta hannu da gangan, a yi shi a hankali. Shi ake kira gosulo, kalmar da yau muka mayar sunan cunkoson motoci. Turawan mulki suka ɗauki abin da zafi, aka sallami wasu ma'aikata, sauran suka zauna a wurin aiki suka ƙi fita. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, aka tura 'yan sanda mahaƙar Iva Valley su kwashe nakiyoyin fasa dutse, taƙaddama ta tashi, wani Baturen ɗan sanda ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Wannan jini yana cikin abubuwan da suka haɗa kan masu neman 'yancin Najeriya. Ashe sanyin jikin da mai gida ke kira lalaci, wani lokaci shi kaɗai ne makamin da ya rage wa talaka.

To, ina wandon?

Yanzu mu zo kan tambayar Baba. A ƙarni na 18 babban mutum a Turai guntun wando matsattse yake sawa, iyakarsa gwiwa, sai doguwar safa ta ƙarasa. Dogon wando mai walawa kayan ma'aikatan jirgi ne da leburori, domin wanda zai hau sanda ya ɗaure igiya, ko ya sunkuya ya ɗauki kaya, ba ya iya yi da matsattsen abu. Har a juyin juya halin Faransa na 1789 ana yi wa talakawan birnin Faris laƙabi da marasa guntun wando, don dogo suke sawa. Sannu a hankali dogon wando ya ci gari, manya ma suka koma sa shi. A 1824 aka fara ganin "slacks" a rubuce a matsayin sunan wando mai walawa, kuma a bakin sojoji ta fara. Wato dai wando mai rara a jiki, kamar rarar igiya. Amsa ta farko ke nan.

Amsa ta biyu a Amurka take. Wani mutumin Labanon mai suna J. M. Haggar ya bar ƙasarsu tun yana yaro, ya bi ta Meziko ya shiga Amurka, ya yi ta 'yan buge-buge da tallar kaya, har a 1926 ya kafa kamfanin ɗinka wandunan maza a birnin Dalas. Baƙo ne ɗan kasuwa a garin wasu kamar iyayenmu, kuma ɗan ƙasar Kwarorin nan ne. A zamanin, namiji ko dai kwat da wando iri ɗaya ya sa, ko kayan aikin ƙarfi. Kamfaninsa ya shahara da sayar da wando shi kaɗai ba kwat, wanda mutum zai sa lokacin da aiki ya yi sanyi, ranar hutu ko bayan an tashi. Kun tuna sanyin kasuwa da na ce ku riƙe? To shi ne. Har ana yawan cewa wannan kamfani ne ya ƙirƙiro sunan, alhali kalmar ta girme shi da shekara ɗari, yaɗa ta dai ya taimaka ya yi. Ma'anar da ta zauna har yau ita ce wandon yadi na mutunci, wanda ba jins ba kuma ba rabin kwat ba. Shi ne a cikin dilarmu, shi malaman makaranta da fastoci da masu neman aikin ofis ke saye a wurinmu.

Sai mata suka shigo, rigima ta tashi. A shekarun 1930 'yan fim irin su Marlene Dietrich da Katharine Hepburn suka riƙa fita da irin wannan wando, jaridu na ta surutu. A 1938 wata malamar ƙananan yara mai suna Helen Hulick ta je kotu a Los Anjalis ba da shaida a shari'ar wasu da ake zargi da fasa gida, tana sanye da wando. Alƙali ya ce ta koma ta sako doguwar riga, ita kuwa ta dawo da wandonta, ya yanke mata kwana biyar a gidan yari kan raina kotu, sai da kotun sama ta soke hukuncin. Ka ji fa, ɓarayi na gefe ana shari'ar wando! Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sassauta gardamar, domin da maza suka tafi fagen fama mata suka cika masana'antu, kuma doguwar riga kusa da inji haɗari ce. Duk da haka sai a 1993 aka yarda mata sanatoci su shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka da wando. Na kawo wannan ne don mu san su ma Turawan da muke ganin kamar haka suka taso, sun daɗe suna jayayya kan sutura.

Mu kuwa, in ana maganar wando mai walawa, ai gida aka zo. Wandon Bahaushe na asali, buje, yadi ne mai yawa, ga hantsa har ƙasa, ƙugunsa ya isa mutum biyu ko uku, zariya ce ke tattare shi, ƙafar kuma a tsuke da aikin kamun ƙafa. An yi shi don zafi, don hawan doki, don zaman tabarma, don ruku'u da sujada. Akwai wani hoton Baba na samartaka sanye da fantalo, ƙasan wandon yana sharar titi kamar tsintsiya. Yau kuma samari fensir suke nema, duk wandon da ya fito daga dila da faɗi sai an kai wa tela ya rage shi, har wani ya kasa durƙusawa ya gaida babba. Ni kaina ban tsira ba.

Zagin ya dawo, ya kuma zama kuɗi

Duk wannan yawo da kalmar ta yi, ba ta manta da zaginta na farko ba. Daga ita aka ciro "slacker", wato mai zille wa aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan Amurka ta kafa dokar tilasta shiga soja a 1917, wannan suna aka liƙa wa duk wanda ake zargin ya ɓuya. A farkon Satumba 1918 aka yi kwana uku ana farautarsu a Niyu Yok, sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai suna tare maza a tashoshi da gidajen kallo da bakin titi suna tambayar katin rajista. Aka tsare dubun-dubatar mutane, daga baya aka gano mafi yawansu ba su da laifin komai, katin ne kawai ba su fito da shi ba. Duk wanda aka taɓa tarewa a hanya aka ce ya nuna katin shaida don kawai an ga kamanninsa, ya san yadda wannan take.

Abin dariyar na nan tafe. A 2013 wani ɗan Kanada, Stewart Butterfield, shi da abokan aikinsa, bayan wasan kwamfutar da suka gina ya ƙi karɓuwa, suka fito da wata manhaja da ma'aikatan ofis ke aika wa juna saƙo a kan aiki, suka sa mata suna Slack. A 2021 kamfanin Salesforce ya kammala sayenta a kan wajen dala biliyan 27.7. Kalmar da aka zage ni da ita kan cinikin wanduna dozin uku ke nan.

Abin da na gaya wa Baba

Da na gama tattara wannan sai na lura da abu ɗaya. Bature ya ɗauki kalma guda ya loda mata kaya kamar tirelar kayan gwari mai zuwa Mile 12: kasala, rarar igiya, tsayawar ruwa, sanyin kasuwa, wando, har da uzuri, domin idan yana roƙon a ɗaga wa wani ƙafa cewa yake a yanko masa 'yar "slack", wato a ƙara masa igiya. Bahaushe kuwa kowanne ya ba shi sunansa. Sako-sako daban, sakewa daban, sassauci daban, sakaci daban, talala daban. Kuma a ganina duk zamanmu a Kurmi a kan rarrabe biyu daga cikinsu yake tafiya, wato sassauci da sakaci.

Sassauci shi ya zaunar da iyayenmu a garuruwan mutane fiye da shekara ɗari. A kira ka aboki ka amsa, a yi maka gatse ka yi murmushi, ka ba da bashi ba takarda, ka koyi Yarbanci ko Ibo ka gaida tsohuwar unguwa da harshenta. Wasu na ganin haka su ɗauka wauta ce, ba su san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Kuma duk mun ga abin da ke faruwa ranar da kowane ɓangare ya ja igiyarsa tamau: Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, wadda ta faro daga 'yar cacar baki a gaban shago ta ƙare da asarar rayuka da ƙone rumfuna. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba.

Amma kada mu fake da sassauci mu ɓoye sakacinmu, don shi ma muna da shi, kuma da kaina zan fara: a ranar nan shayi na fifita kan mai sayen kayanmu, maƙwabcina bai yi ƙarya ba. Sakaci ne mutum ya shekara ashirin a rumfa ba shi da ko 'yar takarda da ke nuna tasa ce, sai ranar rusau ya riƙe kai. Sakaci ne a bar yaro yana gararamba a tasha, ba boko ba allo, alhali 'ya'yan maƙwabta suna aji. Sakaci ne a haife ka a Legas ka girma a Legas ba ka da katin zaɓe a inda kake kwana, sannan ka ce kansila bai san da ku ba. Haka nan mu da aka haifa a nan, in muka bar Hausarmu ta yi sako-sako har ƙannenmu su je gida hutu a riƙa yi musu dariya, laifinmu ne. Mu 'ya'yan Kurmi a talala muke, turken yana Arewa, igiyar ta kawo har bakin teku. Tsawonta rahama ne muddin ba mu bari ta tsinke ba.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na kwashe duk wannan na gaya wa Baba, tun daga jiragen Ingila har dala biliyan. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce: "To madalla. Duk wannan dogon Turanci, mai sarin ya dawo?" Na ce bai dawo ba tukuna. Ya yi dariya ya ce: "Ai da zariyar wandonka ka tambaya da ta gaya maka. Ka ɗaure ta tamau, tuwo ba zai shiga ba. Ka sake ta, wando ya zube a tsakiyar kasuwa. Gobe ka nemo mutumin nan ka ba shi haƙuri, kuma kada in ji ka daina gaida maƙwabcinka."

Na je na ba shi haƙuri, ya ce sai dila ta gaba. Maƙwabcina kuwa na gaya masa kalmar da ya zage ni da ita ta fi shekara dubu a duniya, ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne kwastoman yana wurinsa har yanzu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya raba mu da sakaci.